Neman ƙarfi a cikin tsohon inji: abin da mai mota ke so da abin da ƙarfe zai iya

Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, tsofaffin motoci ne ke ɗauke da cinikin ƙauye, da yawansu kuma sun girmi direbobinsu. Kullum masu su na roƙon makanikai su ƙara musu ƙarfi. Hanyoyin yin haka suna da yawa: wata na tsawaita ran inji, wata na kashe shi, wata kuma na kai fasinja lahira.

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, da la'asar ɗin ranar kasuwa a lokacin kaka, zai gan su suna fitowa daga cikin turɓaya suna hawa kwalta ɗaya bayan ɗaya: tsohuwar Mercedes mai zagayayyen hanci, Land Rover da ta sha walda har ba a gane launinta na asali, Peugeot 504 mai rufin tamfol, da irin waɗanda jama'a suka raɗa wa suna dogon baro. A ƙasa buhunan aya ne da wake da riɗi, bisa buhuna awaki, bisa komai kuma mutane, kowa ya riƙe ƙarfe ko igiya. Ana jin kukan inji tun kafin a hangi mota, baƙin hayaƙi kuma na biye da ita duk inda ta nufa.

Waɗannan motoci su ne ke haɗa gonakin Agye da Caduwa da Gangara, da na Tibiri da Cadakori da Saye Sabuwa, da rumbunan manyan ƴan kasuwar Maraɗi. In sun tsaya, buhun manomi ya kwana a ƙauye, farashinsa ya karye. Saboda haka maganar ƙarfin inji, wadda a wasu ƙasashe wasa ce ta masu hannu da shuni, a nan magana ce ta abinci. Mai mota da buhu yake lissafi. Direba kuwa lissafinsa yashin Gulbin Kaba ne da dagwalon Gulbin Maraɗi da damina, inda mota kan kafe tun safe har azahar. Shi ya sa roƙon da makaniken bakin tasha ya fi ji bai wuce ɗaya ba: «Maigida, motar nan ba ta ja, a ƙara mata ƙarfi.»

Motocin da suka ƙi mutuwa

Kowace irin mota da tarihin zuwanta. Berliet, ta birnin Liyon na Faransa, ta yi suna a Nijar tun ayarin da ya ratsa Tenere a 1959 da 1960. A 1978 aka haɗe kamfanin da Saviem ƙarƙashin Renault, sunan ya ɓace daga sababbin motoci, amma tsofaffin suka ci gaba da aiki. Mercedes mai gajeren hanci ta fito a 1959, aka yi ta ƙera ta domin kasuwannin waje har 1995, kuma daga 1980 masana'antar ANAMMCO ta Inugu ta shiga harhaɗa motocin kamfanin a Najeriya. Peugeot ta buɗe masana'antarta ta Kaduna a 1975, inda 504 ta daɗe tana fitowa har tsakiyar shekarun 2000, bayan an manta da ita a Turai. Ta Jibiya da Ɗan Isa motocin da safayansu suka yi ta kwararowa jihar Maraɗi.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Cikin dare ɗaya kuɗin sabuwar mota da na sabon safaya daga Turai ya ninka. Tun daga nan mai mota ya daina tunanin canji, ya koma tunanin gyara. Injunan gwanjo masu shigowa ta tashar ruwan Kwatano, da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, su suka zama madogara. Hatta harshen gareji ya nuna wannan tarihi mai ƙafa biyu: yaron da ya koyi aiki a Maraɗi zai ce buji, wanda ya koya a Katsina ya ce fulogi, wannan ya ce gazuwal, wancan ya ce gas. Kowa kuma ya san garambawul.

Abin da ya raya waɗannan injuna shi ne sauƙin ƙirarsu. Babu kwamfuta a cikinsu. Ƙarfe ne mai kauri, da aka ƙera domin a kwance shi, a gyara, a sake ɗaurawa. Injin OM 352 na Mercedes, wanda ya fito a 1964, misali ne: silinda 6 a jere, lita 5,7, dawaki 130 in yana juyi 2800 a minti. Makanike mai sifana da haƙuri na iya kwance shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Inji da iska yake rayuwa

Kafin a yi maganar ƙari, ya kamata a san daga ina ƙarfin yake fitowa. Doki ɗaya, a ma'aunin da ake amfani da shi a Faransa da Jamus, shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita 1 cikin daƙiƙa 1. Inji na samun wannan ƙarfi ne ta hanyar ƙona mai a cikin silinda: fistan ya sauka ya zuƙo iska, ya hau ya matse ta, mai ya kama da wuta ya tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Mai ba ya ci sai da iska. Injin fetur na buƙatar wajen kilo 14,7 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na mai sarai. Injin gazuwal ya fi haka buƙata, domin sai da rarar iska yake ci ba hayaƙi. Ke nan iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da yake iya shaƙa. Zuba mai abu ne mai sauƙi, shigar da iska shi ne aiki.

A nan ƙasar Hausa ta Nijar take cutar inji tun kafin a ɗora masa kaya. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Tsakanin digiri 15 da digiri 45, irin zafin da ake gani a watan Afirilu da Mayu, nauyin iskar da ke cika silinda na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Da hunturu kuma ƙura ce: tana toshe matatar iska, wadda ta tsere ta shiga ciki kuwa tana goge ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Bugu da ƙari, daga cikin zafin da mai ke bayarwa, kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai ke zama aiki. Sauran na fita ta salansa da lagireto. Duk wanda ya ƙara wuta a cikin inji, ya ƙara wa lagireto aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Darasin Amurka

Babu inda aka yi gasar girman inji kamar Amurka. Daga 1964, lokacin da Pontiac ta fito da GTO mai injin lita 6,4, kamfanonin Detroit suka shiga cusa manyan injuna masu silinda 8 a cikin motocin shiga na yau da kullum. Chrysler ta kawo Hemi 426 mai lita 7 da dawaki 425. A 1970 Chevrolet ta sa wa Chevelle injin 454, lita 7,4, wanda aka rubuta masa dawaki 450. Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da komawa ga fetur marar dalma, da tsadar inshora, da rikicin man fetur na 1973, suka taru suka kawo ƙarshensa. Daga 1972 ma aka sauya yadda ake awo, aka koma auna inji da dukan kayansa a jiki, sai alƙaluman suka faɗi.

Har yau akwai masu tara waɗannan motoci suna neman ƙara musu ƙarfi, kuma tsarin aikinsu na da abin koyi. Da numfashi suke farawa: kafireta mai maƙogwaro 4, hanyoyin shigar iska masu faɗi, bututun hayaƙi dabam ga kowace silinda, kan inji da aka gyara wa ƙofofi, da sandar kam mai barin bawul a buɗe na ɗan tsawon lokaci. Wasu kan sauya karanshaf su tsawaita tafiyar fistan, har 454 ya koma 496, wato lita 8,1. Amma mai hankali a cikinsu ba ya tsayawa nan: sai ya ƙara girman lagireto, ya sauya birki, ya ƙarfafa giya da aksul, sannan ya kai injin bisa na'urar awo ya ga abin da ya samu a rubuce.

Bambancin shi ne, motar Ba'amurke na neman gudu na daƙiƙoƙi kaɗan bisa shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da mutum ɗaya a ciki. Motar kasuwar Gazawa na neman ja ne, sa'o'i da dama, cikin yashi, da kaya fiye da kima. Abin da take buƙata shi ne ƙarfin murɗawa tun inji na juyi a hankali. Dabarar da ke ƙara dawaki a saman juyi, kamar sandar kam ta tsere, rage mata ja za ta yi a daidai wurin da ta fi buƙatarsa.

Hanyoyin da ake bi a gareji

Hanya ta farko, wadda ta fi araha kuma ta fi yaɗuwa, ita ce buɗe pompi. A jikin pompin gazuwal akwai noti mai iyakance yawan man da ke zuwa nozul, da wani mai iyakance juyi. Kamfani kan rufe su da dalma domin kada a taɓa. In aka sassauta na farko, mota kan ƙara ja nan take, direba ya tafi yana sa albarka. Sai dai iskar ba ta ƙaru ba. Man da bai samu iska ba shi ne baƙin hayaƙin nan, wato kuɗin Alhaji ne ke tashi sama. Zafin cikin silinda na hawa, kan fistan na iya narkewa, bawul ya ƙone, toka ta gauraye da baƙin mai ta cinye metal. In kuma aka taɓa noti na biyu, haɗarin ya fi: nauyin da ke kan sandar fistan na ƙaruwa ne da ninkin juyi a kansa, ta yadda ɗaga juyi daga 2800 zuwa 3200 ke ƙara masa wajen kashi 30 cikin 100. Sandar da ta gaji kan fasa bulo ta leƙo waje. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hanya ta biyu ita ce aske kan inji domin a ƙara matsi. Ga injin fetur irin na 504 ko tsohuwar Land Cruiser, ƙarin matsi na ba da ɗan ƙarfi, amma da sharaɗin samun fetur mai kyau. Injin 454 na 1970 matsinsa ya haura 11, kuma da fetur na musamman mai dalma yake aiki. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ya daɗe yana shayar da motocin karkara, ba mai iya shaidar abin da ke cikinsa. In man bai jure matsin ba, sai ya fashe kafin lokacinsa, a ji inji na ƙwanƙwasa a hawa, ringi ya karye. Buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011, da janye tallafin fetur a Najeriya a 2023, sun sauya kasuwar mai a jihar, amma ba su sauya wannan ƙa'ida ba.

Hanya ta uku ita ce faɗaɗa silinda. Mutane da yawa na zaton nan ƙarfi yake. Lissafi bai goyi bayansu ba: faɗin silindar OM 352 milimita 97 ne, in an ƙara mata milimita 1, girman inji ya ƙaru da kashi 2 cikin 100 kacal. Amfanin wannan aiki na gaskiya shi ne mayar da silindar da ta goge ta koma daidai, ta karɓi sabon fistan da ringi.

Hanya ta huɗu ita ce turbo, kuma ita ce ta bi ƙa'ida, domin iska take ƙarawa: hayaƙin da ke fita ya juya farfela, farfela ta tura iska cikin silinda. Da turbo, OM 352 na kai wa dawaki 168. Haka ma a gidan Toyota, injin 1HZ na lita 4,2 da ya fito a 1990 na ba da wajen dawaki 130, ɗan'uwansa mai turbo kuma wajen 165. Amma injin da kamfani ya ƙera domin turbo, fistan ɗinsa dabam ne, saitin pompinsa dabam, hanyar sanyaya shi dabam. Liƙa turbo ta gwanjo a jikin injin da ba a shirya shi ba, ba tare da gejin zafi ko na matsi ba, caca ce da jarin mutum.

Hanya ta biyar ita ce dashe: a cire injin asali a sa wanda ya fi shi girma. Makanikan jihar sun ƙware a wannan, da walda da dabara. Abin da ake mantawa shi ne kuloci da giya da aksul na tsohon inji ne. Ƙarfin da ya fi su zai nemi wurin da ya fi rauni ya karya, sau da yawa kuma a tsakiyar daji, inda babu inuwa balle safaya.

Dawakin da suka ɓace

Tsofaffin makanikai, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, kan fara da wata tambaya: daga cikin dawakin da aka haifi injin da su, nawa suka rage? Inji mai shekara 30 ko 40 da wuya ya riƙe ƙarfinsa na asali, kuma mayar masa da abin da ya ɓace ya fi ƙirƙiro sabo sauƙi da aminci.

Aikin sananne ne. A auna matsin kowace silinda, a san ko ringi ne ya mutu ko bawul. A yi garambawul, a daidaita tazarar bawul da geji maimakon ido. A wanke matatar iska a kai a kai, irin mai kaskon mai a sauya mata mai, a duba roba da ƙulle-ƙullen da ke tsakaninta da inji, domin ƙaramar tsaga ta isa ta shigo da ƙurar hunturu guda. A kai nozul wurin masu na'urar gwaji a ga ko feshi yake ko ɗiga. A saita lokacin pompi, ko lokacin wuta ga injin fetur. A sauya matatar gazuwal, a zubar da ruwan da ke kwance cikinta. A duba salansa ko ta toshe ko ta lanƙwashe, a duba birki ko yana riƙe taya.

Sai lagireto. Ruwan rijiya na barin ɓawon gishiri a cikin bututunsa har ya toshe su. Murfinsa ma ba abin rainawa ba ne: murfi mai kyau na riƙe matsi, ya hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120, alhali tsumma ko murfin da ya mutu na barinsa ya tafasa a 100. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu ƙasar zafi ce na da illa: da sanyin asuba inji kan daɗe bai ɗumama ba, yana cin jikinsa, a wasu injunan kuma ruwan kan riƙa zagaye ta gajeriyar hanya ya bar lagireto, zafi ya ƙaru.

Ga yashi kuwa, akwai abin da ya fi dawaki amfani kuma ba ya cin ko dala: rage iskar taya kafin a shiga, a mayar da ita in an fito, da shiga da giyar da ta dace tun daga baki. Manyan tayoyin da wasu ke sawa domin mota ta ɗaga, rage mata ja suke yi.

Inda lissafi ke ƙarewa

Lambar da ke jikin ƙofar Mercedes na faɗin gaskiya ga mai son ji. 911 na nufin tan 9, har da nauyin motar kanta, da dawaki 110. 1113 na nufin tan 11 da dawaki 130. Motar da aka ƙara wa bodi da ganyen sifirin, aka ɗora mata ninkin kayanta, ba inji ne ya gaza ba in ta kasa hawa. Kaya ne suka fi ƙarfinta.

Nan ne maganar ke barin gareji ta shafi kowa. Nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya na ƙaruwa da ninkin gudu a kansa: daga kilomita 60 a sa'a zuwa 80, ya kusa ninkawa. In kaya sun ninka, zafin da birki zai haɗiye ya ninka shi ma, birkin ganga kuwa in ya yi zafi sakin jiki yake. Buhunan da aka jera har sama na ɗaga nauyin mota, ta zama mai saurin kifewa a kwana. Ƙara wa irin wannan mota ƙarfi ba tare da an taɓa birki da taya da sitiyari ba, hanzarta ta ne zuwa wurin da ba za ta iya tsayawa ba, da mata da yara bisa kaya.

Hanya ma na biyan nata kason. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11,5 ga aksul guda na baya mai taya ɗaya a kowane gefe, domin gwaje-gwajen da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 sun nuna cewa ninka nauyin aksul na ninka ɓarnar kwalta wajen sau 16. Ramukan da ke karya sifirin tsakanin Caduwa da Agye, ko tsakanin Tibiri da Gidan Rumji, da sa hannun lodin da ya wuce kima a cikinsu.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka bisa makanike ko direba. Kuɗin mai da na safaya da na tsaye-tsayen hanya duk daga cikin lodi ɗaya suke fita, manomi kuma ba shi da wata motar da zai jira. Amma akwai abin da ƙungiyoyin masu sufuri da magadan gari da cibiyoyin koyon sana'a za su iya: na'urar gwada nozul da gejin matsi a kowace babbar tasha, horo ga yaran gareji a cikin harshen da suke ji, da binciken lafiyar mota wanda zai duba birki da gaske maimakon takarda. Kafin a kai ga haka, mai motar da ke son ta ga kakar baɗi ya san inda zai fara: ya mayar wa pompi dalmarsa, ya wanke matatar iska, ya sauke buhu goma.